Yaronka Na Son Yin Katun? Kada Ka Kashe Masa Gwiwa

Yau zan ɗan ratse daga zancen littattafai da marubuta, in yi magana a kan wani abu da ya shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu. Amma in mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, zai ga cewa maganar ba ta yi nisa da harkar rubutu ba.

Da wuya ka sami gidan da babu irin yaron nan, mace ko namiji, wanda in ka buɗe littafinsa na lissafi ta baya sai ka tarar ya cika shi da zane: ga mota, ga doki, ga wani ƙato mai takobi. In ana kallon Tom and Jerry sauran yara na ta dariya, shi kuwa sai ya matso kusa da talabijin yana tambaya, wai shin yaya aka yi zane yake gudu? Wa ya sa masa rai? Daga nan sai wata rana ya ce shi ma yana so ya yi nasa katun ɗin a kwamfuta. To, a nan ne iyaye kan rabu gida biyu. Akwai mai daka masa tsawa, ya ce wasan banza ne, ya je ya ɗauki littafi. Akwai kuma mai tausayi, wanda zai so ya taimaka, amma da ya ji an ambaci kwamfuta da manhaja sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka harka ce ta miliyoyi, ta 'ya'yan masu hannu da shuni, sai ya ce wa yaron, "Bari dai Allah Ya hore." Duk biyun sakamakonsu ɗaya ne, sha'awar yaron ta mutu a tsaye.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Yaron da ya nuna yana son ya sa zane ya yi motsi ya cancanci a tsaya masa, kuma kuɗi shi ne abu na ƙarshe da ake buƙata wajen tsaya masan. Manhajojin da zai fara da su kyauta suke, wasunsu ma a wayar da ke hannunka yanzu za su yi aiki. Abin da ya fi tsada a cikin lamarin shi ne lokacinka da kulawarka, sai kuma labarin da za a ba shi ya sarrafa.

Bari mu fara da amsa tambayar yaron, domin uban da ya san yadda abin yake ba zai kira shi wasan banza ba. Zane ba ya motsi. Abin da ke faruwa shi ne ana jera hotuna da yawa, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa kaɗan, sai a riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ga kamar abu guda ne ke tafiya. Fim ɗin silima yana nuna hoto 24 a cikin kowane sakan ɗaya. Masu katun na hannu sukan rage wa kansu wahala, su bar kowane zane ya fito sau biyu, ya zama zane 12 ke nan a sakan. Ka buga lissafin da kanka: katun na minti ɗaya tak yana cin zane 720. Yanzu ka gaya mini, yaron da ya zauna ya yi zane 60 domin ya samu motsin sakan biyar, me ya koya? Ya koyi haƙuri, ya koyi raba babban aiki zuwa ƙanana, ya yi ninkawa da rabawa ba tare da malami ya tsaya a kansa da bulala ba. Ya kuma koyi lura, domin ba zai iya zana tafiyar akuya ba sai ya je ya tsaya ya kalli akuya, ya ga wace ƙafa take fara ɗagawa.

Saboda haka manhajar farko da za ka ba shi ba ta buƙatar wuta ko caji. Ka samo masa ƙaramin littafin rubutu da fensir, ya zana ƙwallo a kusurwar shafin ƙarshe, a shafi na gaba ya ɗan gusa da ita, haka har shafi 30, sannan ya kama gefen takardun da babban yatsa ya sake su a jere. Zai ga ƙwallon ta yi tsalle. Wannan dabara tsohuwa ce, tun a 1868 wani Bature a Ingila mai suna John Barnes Linnett ya yi mata rajista, kuma har gobe da ƙwallo mai tsalle ake fara koya wa ɗalibai wannan sana'a. Dalili kuwa, a cikinta ake gane sirrin aikin. In ƙwallo ta kai ƙololuwa saurinta raguwa yake yi, don haka zanukan wurin sai a matse su kusa da juna. In ta kusa ƙasa sauri take ƙarawa, sai a ba su tazara. In ta daki ƙasa sai a ɗan lotsa ta, in ta tashi a ɗan miƙar da ita. Wannan lotsawa da miƙarwa ita ce ta farko a cikin ƙa'idoji 12 da wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu na 1981. Yaron da ya fahimci wannan a takarda, duk manhajar da ka ɗora shi a kai daga baya ba za ta gagare shi ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

In kuma wani na ganin sai a ƙasashen da suka ci gaba ake iya irin wannan aiki, to ya leƙa maƙwabta. Marigayi Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar da aka haifa a 1942, yana cikin mutanen farko da suka fara yin katun a Afirka. Bakanike ne tun farko, kuma tun kafin ya taɓa riƙe kyamara yana tara jama'a yana nuna musu wasa da inuwar zanensa. Daga baya ya haɗu da Bafaranshen nan mai shirya fim, Jean Rouch, a Yamai, ya kuma je Kanada inda ya ƙaru da gwanin katun Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, wani gajeren katun da ya yi da zane marar kwalliya, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa shugabannin wancan zamani shaguɓe. Yana da wani kuma mai suna Kokoa, wanda ya yi da 'yan tsana, dabbobi na kokawa a fage irin yadda muka san ta a gargajiyance. Ya zauna a Tawa shekara da shekaru yana aikinsa, ya rasu a 2015. Kafin shi ma, a ƙasar Jamus, wata mata mai suna Lotte Reiniger ta shafe kimanin shekara uku da almakashi da baƙin kwali tana yanka siffofi tana ɗaukarsu hoto ɗaya bayan ɗaya, har a 1926 ta fitar da fim ɗin Yarima Ahmad, wanda ta ciro daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. Shi ne dogon katun mafi daɗewa da ya rage a duniya. Lokacin da waɗannan bayin Allah suka fara babu mai kwamfuta a cikinsu. Wayar da ke aljihunka a yau ta fi duk kayan aikin da suka fara da su ƙarfi nesa ba kusa ba.

To mu zo kan wayar. Akwai manhaja mai suna Stop Motion Studio, wadda ake iya saukewa kyauta, sai wanda ya so ƙarin kaya ya biya. Aikinta shi ne ka ɗauki hoto, ka ɗan gusa da abin da kake ɗauka, ka sake ɗauka, ita kuma ta jera maka su. Wannan ita ta fi dacewa da ƙananan yara, domin rabin aikin da hannu ake yi a tsakar gida. Yaranmu dama gwanaye ne wajen gina shanu da raƙuma da yumɓu, da ƙera mota da kara ko gwangwani, 'yan mata kuma ga 'yar tsana. Duk waɗannan 'yan wasan fim ne da ke jiran darakta. Abu biyu kawai za a kiyaye: a kafe wayar wuri ɗaya kada ta motsa, ko da da littattafai za a tokare ta, sannan a yi aikin inda haske ba ya yawan canzawa. In aka sa hoto 10 a sakan, hoto 100 zai ba da fim na sakan goma, aikin yammaci ɗaya ke nan. Ga mai son zane kuwa akwai FlipaClip, wadda tamkar littafin nan na kusurwa ce aka mayar cikin waya, ana zane da yatsa. Ita ma akwai ta kyauta, sai dai tana nuna talla. Babbar fa'idarta ita ce abin da masu sana'ar ke kira ɓawon albasa, wato tana nuna maka inuwar zanen da ya gabata dishi-dishi a ƙarƙashin sabon shafi, don ka san daidai inda za ka gusa.

In akwai kwamfuta a gidan, ko da tsohuwa ce 'yar gwanjo, ni da Scratch zan ce a fara. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da ita a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16, akwai kuma ƙanwarta ScratchJr ta 'yan shekara 5 zuwa 7. Kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa sau ɗaya a ci gaba da aiki da ita ba tare da intanet ba, abin da zai yi wa mai lissafin kuɗin data daɗi. A Scratch yaro yana jona umarni ne kamar mai jera bulo: yi taku goma, juya, jira sakan ɗaya, faɗi kaza, maimaita sau biyar. Yana ganin katun yake yi, alhali tushen rubuta manhajar kwamfuta yake koya. Filin da 'yan wasan ke yawo a kai an auna shi daga -240 zuwa 240 a kwance, don haka yaron da ke son kyanwarsa ta koma hagu dole ya yi hulɗa da lambobin da ke ƙasa da sifiri, tun kafin a zo kansu a aji.

Wanda hannunsa ya faɗa a zane, sai a matsa da shi zuwa Pencil2D. Ƙaramar manhaja ce marar nauyi, ba ta da tarkacen maɓallan da za su ruɗa mai koyo, kuma kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi na iya ɗaukarta. Gaba da ita akwai Krita, wadda asalinta ta masu zane da fenti ce, aka ƙara mata sashen katun a 2016. A wannan shekarar ce kuma aka saki OpenToonz kyauta ga kowa, wadda aka gina a kan manhajar da kamfanin Ghibli na Japan, masu fim ɗin Spirited Away, suka daɗe suna aiki da ita. Ita wannan tana da ɗan wuyar sha'ani, ta matashin da ya riga ya ƙware ce a na baya. Duka ukun babu wadda za ka biya ko kwabo.

Na san wani zai ce ai araha ba ta ado, abin da aka bayar kyauta ba zai yi wani abin kirki ba. A wannan fage karin maganar ba ta ci ba, ga kuma hujja. Blender manhaja ce ta yin katun mai jiki, irin wanda ake ganin siffa ta kowane gefe, kamar Toy Story na 1995. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Ton Roosendaal ya ƙirƙire ta. Da kamfaninsa ya durƙushe a 2002, sai masu amfani da ita a faɗin duniya suka yi karo-karo, cikin mako bakwai suka tara Yuro 100,000 suka fanso ta, aka sake ta kyauta ga duk mai so. Shekara 23 bayan haka, a watan Maris na 2025, wani fim mai suna Flow, wanda wani matashi ɗan ƙasar Latbiya, Gints Zilbalodis, ya shirya da Blender shi da ƙaramar tawagarsa, ya lashe kyautar Oscar ta dogon katun, ya kayar da finafinan manyan kamfanonin Amurka irin su Pixar da DreamWorks. Labarin wata kyanwa ce da ambaliya ta rutsa da ita, kuma babu kalma ko ɗaya da aka furta a cikin fim ɗin. Ƙasar Latbiya gaba ɗayanta mutanenta ba su kai miliyan biyu ba. Manhajar da aka yi wannan aiki da ita, ita ce dai yaronka zai sauke ba tare da an tambaye shi ko sisi ba. Sai dai a yi hattara, Blender ba ta farawa ba ce. Tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi, mai ma'adanar aiki ta aƙalla gigabayit 8, kuma yawan maɓallanta na iya sa ƙaramin yaro ya karaya. A bar ta sai ya shiga sakandare, ya kuma nuna da gaske yake.

Wannan ya kawo ni ga iyayen da Allah Ya hore musu. Kuskuren da ake yi a nan shi ne gaggawar saye. Yaro ya ce yana son katun yau, gobe an kawo masa sabuwar kwamfuta, an yi masa rajistar manhajojin ƙwararru irin su Maya ko Toon Boom Harmony, waɗanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara da kuɗin waje. Bayan mako uku ya gaji, domin an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, uban kuma ya yi fushi ya ce dama ya san shiririta ce. Shawarata ita ce kada a sayi komai sai yaro ya gama wani abu da abin da ke hannu. Ya kammala fim na sakan goma a waya, a yaba masa. Ya kammala na rabin minti mai farko da ƙarshe, ya kuma sake yin wani ba tare da an tuna masa ba, to a nan ne za a duba saya masa allon zane mai alƙalami da ake jonawa da kwamfuta, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen, domin zane da ɓeran kwamfuta azaba ne. Ƙaramin cikinsu ya wadatar. Ta haka kayan aikin sai ya zama lada ce ta ƙoƙarinsa, zai kuma san darajarsa. Haka nan a guji manhajar sata da ake tura wa mutane a kasuwa da sunan an fasa makullinta. Sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta take zuwa, kuma ba tarbiyya ba ce ka fara koya wa ɗanka sana'a da kayan da aka ɗauka ba da izinin mai shi ba, alhali ga na halal nan a yashe kyauta.

Akwai damuwar da iyaye ke da ita wadda ba zan raina ba. Ta farko ita ce karatu. Gaskiya ne waya na cinye lokacin yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban allon waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a rana. Amma ga wanda ya girmi haka, akwai bambanci tsakanin yaron da ya kwanta yana ta zazzaga bidiyon wasu har barci ya ɗauke shi, da wanda ya zauna yana ƙirga zane yana gyarawa. Maganin abin shi ne tsari: bayan an dawo daga boko da Islamiyya, an yi aikin gida, sai a ware masa lokaci sananne, ko a bar shi zuwa ƙarshen mako. Ta biyu ita ce intanet da abin da ke cikinta. A nan ma da sauƙi, domin kusan duk manhajojin da na ambata suna aiki ba tare da an kunna data ba. Kai ne za ka sauke masa, daga shafin masu manhajar na asali ko rumbun manhajojin waya, kai ne za ka zaɓo masa darussan YouTube ku kalla tare, kuma in za a ɗora aikinsa a wani dandali, ta hannunka za a ɗora. Yawancin shafukan sada zumunta ma a ƙa'idarsu ba su yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba.

Ta uku ita ce maganar zanen abu mai rai, wadda na san tana ran mutane da dama. Malamai sun yi bayani a kanta, akwai masu tsanantawa, akwai kuma waɗanda suka yi sassauci ga abin da aka yi domin yara da karantarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, take wasa da su. Kowa ya tuntuɓi malamin da ya natsu da shi. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ko ga wanda ya ɗauki ra'ayin hani, ƙofar ba ta rufe ba. Haruffa na motsi, lambobi na motsi, ana nuna yadda ruwa ke tashi ya zama girgije ya dawo, ko yadda wata ke kewaya duniya, ko yadda injin ban-ruwa ke aiki. Mai tallan kaya da malamin makaranta da ma'aikacin lafiya duk suna neman mai iya yi musu irin wannan.

Wani kuma zai ce, yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta zo, mutum ya rubuta jimla biyu kwamfuta ta fitar masa da bidiyo, me ya sa yaro zai wahala da zane 720? Amsata ita ce, na'urar lissafi ta daɗe da zuwa amma ba mu daina koya wa yara jadawalin sau ba. Wanda bai san yadda motsi mai kyau yake ba, ba zai gane in na'ura ta yi masa shirme ba, balle ya gyara. Kuma na'urar abin da ta fi gani shi take kwaikwayo. Wanda ya san yadda Bahaushiya ke goya ɗa, da yadda dattijo ke naɗa rawani, da yadda ake durƙusawa a gaida surukai, shi zai iya cewa wannan daidai ne, wancan ba namu ba ne.

A nan ne maganar ta dawo gida, wurinmu masu karatu da rubutu. Ku duba abin da yaranmu ke kallo. Kiriku, wanda da wuya ka sami yaron da bai san shi ba, Bafaranshe ne mai suna Michel Ocelot ya shirya shi a 1998, daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma da ya tashi da sha'awarsu sakamakon zaman da ya yi a Gini yana yaro. A 2024 kamfanin Disney ya haɗa gwiwa da Kugali, kamfanin wasu matasa 'yan Afirka, suka fitar da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba. A 2025 aka fara nuna Iyanu na Roye Okupe, wanda aka gina a kan al'adun Yarabawa. A Abuja ma tun 2010 Adamu Waziri ya fara Bino and Fino domin yaran Afirka su ga masu kama da su a talabijin. Mu fa? Akwai matasanmu da ke ta fafutuka suna ɗora 'yan gajerun katun na Hausa a YouTube, Allah Ya ƙara musu basira, amma in aka auna da yawanmu da yawan labaranmu, har yanzu ba mu taɓuka abin a zo a gani ba. Mun ƙware wajen ɗora muryar Hausa a kan finafinan wasu, alhali Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kuma ba labari muka rasa ba. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa har kundi uku, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya tattara wasu a jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, ban da waɗanda ke cikin kan kakanninmu da ba a taɓa rubutawa ba. Gizo da Ƙoƙi, kura da wautarta, dila malamin daji, Dodo, Botorami, duk tamkar don katun aka yi su, domin dabbar da ke magana da tafiyar da ba ta yiwuwa a zahiri sun fi sauƙi a zane fiye da gaban kyamara. Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Littattafai irin wannan suna da masu haƙƙinsu, sai da izini za a taɓa su, amma tatsuniya gadon kowa ce. Yaron da zai mayar da su katun nan da shekara 15, yau yana aji huɗu na firamare yana ɓata bayan littafinsa na lissafi.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, maza da mata, masu iya riƙe mai karatu shafi ɗari uku bai ajiye littafi ba: ku rubuta wa yaran gidanku labarin minti ɗaya. 'Yan wasa biyu, wuri ɗaya, matsala ɗaya, sai warwara. Ku koya musu su raba takarda gida shida su zana abin da zai faru a kowane gida kafin su taɓa waya, domin haka ƙwararru ke yi. Ƙanne su yi muryoyi, kaka ta ba da tatsuniyar ta kuma gyara inda aka karkace, a buga ƙwarya da ludayi a sami sautin tafiyar doki. Kada kuma a ce harkar ta maza ce, yarinyar da ke iya zana lalle mai ƙayatarwa a hannun ƙawarta tana da idon da wannan aiki ke nema.

In an gama, a tara mutanen gida bayan sallar isha'i a nuna musu, ko da fim ɗin sakan 15 ne, ko da akuyar ta fi kama da kare. Kada ka yi masa ƙaryar cewa ya fi kowa, kada kuma ka yi masa dariyar da za ta sa ya ɓoye na gaba. Ka tambaye shi zane nawa ya yi, ina ne ya fi ba shi wuya, me zai gyara in zai sake. Ba lallai ne ya zama mai sana'ar katun ba, ƙila likita zai zama ko ɗan kasuwa ko malami. Amma zai tashi da sanin cewa abin da yake gani a talabijin mutane ne irinsa suka zauna suka yi, kuma da ya zo da burinsa gida an saurare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tanƙwarawar ba hani kaɗai take nufi ba, har da nuna hanya.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya albarka a cikin basirar da Ya ba su, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana a kansu.